In ruwa ya ɗauke da dare: tambayoyin da kuka fi yi min da abin da na sani

Salamu alaikum jama'a. Ni dai sana'ata gyaran famfo ce nan cikin garin Sakkwato, kuma da zarar zafi ya kama wayata ba ta hutawa, daga Mabera a kira, daga Arkilla a kira, Runjin Sambo, Gidan Igwai, ko'ina kukan ɗaya ne, wai ana gama isha'i ruwa ya tsaya ba ya dawowa sai gari ya waye, wani lokacin ma sai hantsi. Rabin kiran da ake min wallahi ba gyara ba ne, famfon lafiyarshi lau, ruwa ne babu. Shi ya sa na ce bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in amsa, kowa ya huta, ni ma in samu barci.

Wai mi ya sa sai da dare ruwan ke tsayawa?

Sai ka fara sanin wane irin ruwa kake sha, don ba duka dalilinsu ɗaya ba.

In bohol mai sola ce, wannan ba sai an yi dogon bayani ba, rana ta faɗi inji ya tsaya, abin da ke cikin tankin sama shi ke nan har gobe, kuma mutane sun fi ɗiba tsakanin la'asar da magariba, to kafin isha'i tanki ya zama fanko. In bohol ɗin mai gida ce ko ta wani bawan Allah da ya fiddo famfo waje sadaka, galibi da gangan ake rufewa, ko don kuɗin man janareta ko don hayaniyar yara da dare.

In kuma ruwan gwamnati ne na bututu to labarin ya fi tsawo. Ruwan garin nan mafi yawa daga kogi ake jawo shi a tace, ga Rima ga kogin Sakkwato, kuma da rani Rima ta dogara ne da abin da anka sako daga madatsar Goronyo, wadda anka gama a 1984, tana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942 in ta cika. Shi kuma kogin Sakkwato madatsar Bakalori ce a samanshi tun 1978, can ƙasar Zamfara yanzu. Waɗanda ke nan a 2018 za su tuna yadda Goronyo ta ja baya har abin ya ba mutane tsoro. To ko ruwan na nan, sai da wuta ake tura shi, kuma sai manyan tankuna sun cika kafin ya yi ƙarfin kaiwa unguwanni masu tudu. Don haka a garuruwa da yawa in ruwa ya yi ƙaranci sai a rufe ko a rage ƙarfi da dare don tankuna su cika a samu na safe. Akwai wani dalili kuma da mu masu gyara munka fi sani: da dare da kowa ya rufe famfo ƙarfin ruwa cikin bututu ƙaruwa yake yi, duk inda bututu ya tsage ƙarƙashin ƙasa lokacin ya fi zubarwa, in an rage ƙarfin asarar ta ragu.

Wasu unguwannin kuma akasin haka ne, sai biyun dare ruwan ke zuwa, don sai na ƙasa sun yi barci yake iya hawowa wajensu. Abin da zan faɗa nan gaba ya shafe su su ma.

To lita nawa ya kamata in ajiye na dare ɗaya?

Wagga ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara da ita amma ba mai yi, sai dai a cika duk abin da ke da baki a gida har tukunyar tuwo, ko kuma a ajiye bokiti ɗaya a wayi gari ana rigima.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lita 20 ga mutum ɗaya a yini shi ne ɗan abin da zai ishe shi sha da girki da ɗan tsafta, lita 50 kuma shi ne za a ce an ɗan wala har da wanka da wanki. Amma mu dare ɗaya muke magana, daga tara na dare zuwa bakwai na safe misali. Ga lissafina na gida mai mutum shida, nawa ne ba na kowa ba, ku gyara daidai da gidanku: na sha lita 10 in ana zafi, alwala lita 6, ban ɗaki lita 30, wankan safe lita 10 kowa ya zama 60, sai koko ko shayi da ɗauraye kwanoni lita 10. Ka ga 116 ke nan, jarka biyar mai lita 25 har da ɗan saura. In kuna da masai na gargajiya wanda buta kawai yake buƙata to cire kusan jarka guda. In akwai jariri ko mara lafiya ƙara guda.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne na sha yana cikin mafi ƙanƙanta a lissafin, wanka da ban ɗaki su ke cinye ruwa, to can ne wajen tattali, kada wanda ya hana ɗiyanshi shan ruwa a watan Afirilu da zafi ke wuce digiri 40 wai yana tattali.

Yaushe ya fi dacewa a tara?

Kafin la'asar in da hali. Kowa jira yake sai magariba ta kusa sannan a fito da jarkoki gaba ɗaya, ƙarfin ruwa ya faɗi, jarkar da ke cika a minti uku ta koma minti goma sha biyar. Mai sola kuma da tsakar rana inji ya fi ƙarfi, lokacin ne abin da ka ɗiba ake mayar da shi nan take.

Hajiya ta ce min jarkar mai ta wanke da omo tana zuba ruwan sha, akwai matsala?

Wane mai? In man gyaɗa ne ko na girki, irin jarkokin nan rawaya, a wanke da ruwan zafi da sabulu a shanya, ba komai, su kowa ke amfani da su. In fetur ne ko gas ko kananzir, ko jarkar maganin feshi na gona, Hajiya don Allah ki raba ta da ruwan sha har abada, roba na shan abin da anka zuba mata, ko kin wanke sau goma yana nan. Haka duron ƙarfe da ba ki san mi ya taɓa zama ciki ba, a bar shi wa ban ɗaki.

Ni shawarata kullum a raba ruwa gida uku kuma kowa a gidan ya san rabon har yara. Na sha daban, cikin randa ko jarka mai murfi, a ɗaki ko inuwa. Na aiki daban, cikin duro ko baho. Na uku shi ne wanda anka riga anka yi amfani da shi, ruwan ɗauraya na wanki da makamantansu, wannan na ban ɗaki ne da yayyafa tsakar gida.

Randa kam ba abin da ya kai ta da zafi, ga sanyi ba ruwanka da wuta, matsalarta ɗaya ce, moɗa. Yaro ya fito ban ɗaki ya ɗauki moɗar da ke ƙasa ya tsoma har da hannunshi, shi ke nan ruwa mai kyau ya lalace. A samu moɗa mai dogon hannu a rataye ta, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. Ko kuma ku kawo bokiti mai murfi a sa mishi ɗan kan famfo a ƙasa, aikin minti goma ne.

Masai na zamani ne da mu, in ba ruwa gidan ba ya zaunuwa, ya za mu yi?

Na sani, shi ne babban abin da ke sa a kira ni da asuba. Tankin bayan masai yana sakin lita 6 zuwa 9 a ja ɗaya, tsofaffin ma sun fi haka, mutum shida kowa ya ja sau biyu kun ga inda ruwa ya tafi. Da dare ku manta da tankin. A ajiye bokiti a ciki, in an gama a ɗaga shi sama kaɗan a kwara kamar rabin bokiti lokaci ɗaya cikin kwanon masai, saurin zubawar shi ke tura ƙazanta, in kana tsiyayawa a hankali ko bokiti biyu ka zuba ba abin da zai motsa. Fitsari kuwa buta ɗaya ta isa.

Nan ne ruwan wanki ke da rana. Amma kar ya wuce kwana ɗaya don wari yake yi, kuma kar a zuba shi cikin tankin bayan, kumfa da zaren tufafi suna lalata robar da ke rufe ruwa, daga baya masai ya riƙa tsiyaya dare da rana ba ku sani ba.

Alwalar asuba fa, da wanda wanka ya kama cikin dare?

Cika buta biyu ka ajiye inda ba mai taɓawa tun kafin ka kwanta, wannan kam ko ba a faɗa ba. Hadisi ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, mudun nan kuwa cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Mu ne dai munka saba sakin famfo yana zuba muna hira. Mai iyali ya ware rabin bokiti na ko-ta-kwana, a rufe, a faɗa wa yara ba nasu ba ne.

Batun taimama yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 6, amma yaushe ta halatta gare ka alhali maƙwabci na da ruwa ko masallacin unguwa na da tanki, wannan ka tambayi limaminku, ni famfo na iya.

Da ruwan ya dawo da safe famfo sai ya yi ta tari yana tofi, ruwan kuma ja wur, lafiya?

Tarin iska ce da ta cika bututu lokacin da ba ruwa, ba aljani ba ne, buɗe famfon a hankali ka bar ta ta fita. Kar ka buɗe gaba ɗaya lokaci guda, bugun da yake yi yana iya kwance haɗin fayif, na sha gyara irin wannan.

Jan ruwan kuma shi ne abin da nake so kowa ya ɗauka da gaske, don a wajena ya fi rashin ruwan kanshi haɗari. Wani ɓangare tsatsa ce da laka da sunka kwanta cikin bututu ruwa ya taso da su. Amma ɗaya ɓangaren, ku duba yadda fayif ɗinmu ke bi ta cikin kwata a lunguna da yawa, wani an ɗaure tsagarshi da robar taya. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, waje yake fesowa, ƙazanta ba ta samun shiga. Da an ɗauke ruwa bututu ya zama fanko sai abin ya juya, ruwan kwata ya riƙa tsotsuwa ciki ta wannan tsagar, da safe ruwa ya kwaso shi ya kawo maka har gida. Ta irin wagga hanya ake samun amai da gudawa da taifot, kuma ba mu manta 2021 ba da kwalara ta yi ɓarna a jihohin arewa har da nan.

Don haka ruwan farko ba na sha ba ne ko da ya yi fari. Tare shi a bokitin ban ɗaki har sai ya washe, ka ƙara mishi 'yan mintuna, sannan a cika na sha. In kana da tanki, a sa maka bawul, wato makullin ruwa na jikin fayif, kafin tankin ka rufe da dare, da safe ka zubar da na farkon ta famfon tsakar gida sannan ka buɗe wa tanki, in ba haka ba duk lakar a gindin tankinka za ta kwanta.

Ni ina barin famfo a buɗe ne da bokiti a ƙasa don in ji ƙarar zuwan ruwa, laifi ne?

Na tsakar gida guda ɗaya wanda in ya cika kwata zai bi, to da sauƙi, in dai kai mai saurin farkawa ne. Na cikin ɗaki kuwa a'a. Akwai wani gida da anka kira ni, an buɗe shaya da famfon kicin da dare an ga ba ruwa an bar su haka an kwanta, ruwa ya zo wajen ukun dare, kafin asuba kafet da katifa da buhun shinkafa duk suna iyo, kuma gidan sama ne, har silin na ƙasa ya jiƙe. Kafin a kwanta mutum ɗaya ya zagaya ya murɗa kowane famfo. A kashe hitar ɗuma ruwa kuma, in ta kama ba ruwa a ciki ƙarfen ƙonewa yake yi.

In sayi tanki ne ko in sa inji ya riƙa jawo min daga layi?

Tanki e, in da hali ma shi ne maganin abin gaba ɗaya, mai lita 500 ya ishi ƙaramin gida kwana biyu zuwa uku in ana lura, mai 1000 ya fi kwanciyar hankali. Sai dai ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai 1000 in ya cika tan guda ke nan, kar wani ya haɗa maka ƙafafu da siririn ƙarfe ya ɗora a saman inda yara ke wasa. Tsawo kuma shi ke ba da ƙarfi, in ka ɗora shi dab da rufin ban ɗaki kar ka yi mamaki shaya na ɗigo. A sa mishi bawul mai ƙwallo da ke rufewa da kanshi in ya cika, a rufe murfin sosai, a yi mishi rumfa in zai yiwu don ranar Sakkwato tana mayar da ruwan tanki kamar na shayi. A wanke shi ko sau biyu a shekara.

Inji a kan layi kai tsaye kuwa ni ba na sa wa kowa, ko nawa za a ba ni. Na farko zalunci ne, kai ka zuƙe na maƙwabta su wayi gari ba ɗigo. Na biyu zuƙar da yake yi ita ke ƙara jawo ruwan kwata cikin bututu, kai da ka sa injin kai za ka fara sha. Na uku in ruwa ya ɗauke yana aiki ba ka sani ba ya ƙone. Yadda ake yi shi ne tanki a ƙasa ruwa ya shiga da ƙarfin kanshi, inji ya ɗauka daga nan ya kai sama. Masu bohol ma haka, sumo, wato injin da ke can cikin bohol ɗin, in ya yi ta juyawa ba ruwa ba ya daɗewa.

Ruwan da ya kwana biyu uku a jarka ana iya sha?

In mai tsafta ne tun farko kuma a rufe yake hannu bai shiga ba, ana sha. In kana shakka tafasa shi, ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur. In gawayi ko gas ya yi tsada akwai sinadarin kulorin na ruwan sha a kemis, na ruwa da na ƙwaya, ka bi abin da anka rubuta a jiki ka jira minti 30 kafin a sha.

Wani kuskure da iyayenmu mata ke yi, a jefa alif ruwa ya kwanta ya yi garau a ce ya tsarkaka. Alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Amfaninshi shi ne a fara da shi in ruwan ya yi dauɗa, a tsiyaye na sama, sannan a sa kulorin ko a tafasa, don kulorin ba ya aiki sosai cikin ruwa mai laka. In kuma anka yi rashin sa'a gudawa ta kama wani cikin dare, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan a nufi asibiti, kar a ce sai gari ya waye in abin ya yi yawa.

Tun da munka fara tara ruwa sauro ya yi yawa

Duro a buɗe ne. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne in ana ɗumi, to duk mazubin da ke zaune da ruwa a rufe shi, kuma sau ɗaya a mako a juye shi ƙaf a goge cikin. Murfin nan kuma ba don sauro kaɗai ba, yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya in ya leƙa bokiti kanshi ya rinjaye shi ba ya iya fitowa kuma ba za ka ji kukanshi ba. Baho da bokiti masu ruwa kar su kwana inda yaro zai kai.

Gidan haya muke, kullum faɗa a kan layi da satar ruwa

Hmm, wanga kam ya fi ƙarfin sifana. Abin da na ga yana aiki a gidajen da nake shiga: kowane ɗaki jarka biyu a zagayen farko, sai kowa ya samu sannan a koma, mai duro ya jira ƙarshe. A rubuta suna a jarka da fenti. Wanki a bar shi sai ruwa ya wadata da rana. In mai gida ne ke rufewa, ku je mishi ku biyu uku cikin girmamawa, Alhaji a taimaka a sa mana lokaci tsayayye ko da awa ɗaya ce bayan la'asar, in kuɗin mai ne ku yi karo-karo. Yawancinsu ba mugunta ba ce, sun gaji ne da ganin famfo a sake yana zuba. Kan famfo mai ɗigo ɗaya ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 a yini, kusan jarka guda, kuma sau da yawa 'yar roba ce ta ciki ta cinye.

'Yan ga-ruwa fa, a dogara da su?

Suna ceton mutane ƙwarai, amma da asuba kowa nemansu yake, kura ɗaya mutum biyar na kira, farashi ya hau. Ka riƙe mutum ɗaya ka san inda yake ɗibowa, ka yi magana da shi tun da yamma ya kawo kafin magariba. Ka leƙa cikin jarkarshi wata rana, in ka ga kore kore na gansakuka to ruwanshi na wanka ne da wanki, na sha sai an tafasa.

Da azumi ya za a yi da sahur?

A ƙara jarka ɗaya a lissafin can na sama don tsakanin buɗa baki da sahur ne ake shan ruwan yini gaba ɗaya, a cika randa tun azahar don ta yi sanyi, girkin sahur a wanke shinkafa da kayan miya tun da sauran ruwa a famfo. Kwanonin buɗa baki a share su da hannu ko takarda a jiƙa a baho ɗaya, wankinsu ya jira safe.